Zaren Hannun Rigar Kyaftin

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kai Baffa Sa'adu gidan adana kayan tarihi a Dubai ba. Ko da ma na yi niyyar mantawa, shi Baffan ba zai bari ba.

Bari in fara da faɗin ko wane ne shi, don a gane irin fargabar da nake ciki. Baffa Sa'adu ƙanin mahaifin Hafsatu ne, yarinyar da nake nema a lokacin, kuma shi ne waliyyinta. A gidansu in ya ce e, magana ta ƙare. In kuwa ya yi shiru yana jan carbi, to sai mutum ya fara neman wata ƙofar. Ɗan kasuwa ne a kasuwar yadi ta Kwari da ke Kano, yana shigowa Dubai sarin yadi. Ni kuma ina aiki a wani ƙaramin kamfanin kago, wato jigilar kaya, a Al Sabkha, ina wuni gaban kwamfuta ina bin sawun kwantenonin mutane daga Jebel Ali har su isa Legas. Da maganarmu ta je gaban manya, mahaifinta ya ce shi bai san ni ba sai a hoto, amma tunda Sa'adu zai shiga Dubai, ya duba masa yaron. Hafsatu ce ta tsegunta min a waya. "Kai dai ka saki jikinka," in ji ta. (Duk wanda ya san ni ya san wannan shawarar daidai take da a ce wa kaza ta yi iyo.)

Ni mutum ne mai yawan taka-tsantsan. Ban ce hali ne mai kyau ba, ban kuma ce mummuna ne ba. Nakan kulle ƙofar ɗakinmu a Al Nahda, in sauka har ƙasa, in sake hawowa in murɗa ta in ji. Ba na tsallaka titi sai fitila ta ba ni hannu, ko da babu mota ko ɗaya. To da wannan halin na shiga raka Baffa shaguna. Ban zauna ba sai ya zauna, ban ci na ƙoshi a gabansa ba, kuma duk abin da ya tambaye ni amsata ba ta wuce "wataƙila" ko "ya danganta". Ya tambaye ni ko shayin shagon nan ya fi na wancan, na ce kowanne da irin daɗinsa. Ya dube ni ya ce, "Mai digiri, kai ko ruwan sama ake tafkawa aka tambaye ka, cewa za ka yi sai ka bincika."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ana gobe zai koma ya ce ya gaji da shaguna, in kai shi inda ni da kaina nake sha'awar zuwa. A nan ne na yi kasadar da ban saba yi ba. Makonni ke nan ina wuce wani allon talla a tashar metiro, cewa an kawo kayan wani tsohon fim na sararin samaniya ana nunawa: rigunan da aka sa, da huluna, da bindigogi, da jirgin kansa. Fim ne da na kalla tun ina firamare a gidan kallon unguwarmu a Kano, a kaset ɗin da ya sha jiki har hoton yana rawa. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta bushe, suka hau jirgi suna bin taurari neman ruwa. Ba ma jin Turancin, don haka muka raɗa masa Mai Tulu, saboda hulunan gilashin da suke kifawa a ka. Mun sha kifa bokiti a kai muna tafiya a hankali a tsakar gida kamar masu taka auduga. Wanda ya fi shiga raina shi ne kyaftin ɗin jirgin, wani dattijo mai doguwar kwat launin toka, wanda ba ya ɗaga murya ko jirgi na ci da wuta. Ina jin, idan ban yi kuskure ba, shi ne mutumin da na so in zama.

Matsala ɗaya ce: hannun Baffa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a Kwari ba ya ganin yadi da ido, da yatsa yake gani. A kwanakin nan na ga ya murza labulen otal, ya murza mayafin teburin gidan abinci, ya murza kujerar tasi. Ranar farko ma kafin ya amsa gaisuwata sai da ya kama hannun rigata ya murza, ya ce, "Akwai roba a ciki." Na kira Hafsatu na gaya mata damuwata, ta ce, "Baffa? Ai ko dubiya ya je asibiti sai ya taɓa zanin gado."

Don haka a cikin metiro na tattaro ƙarfin hali na yi masa wa'azi. Na ce, Baffa, ba wai ina cewa za ka yi ba ne, amma dai irin wuraren nan suna da doka. Na ce kayan ba na sayarwa ba ne, na kallo ne. Na ce akwai kyamarori, kuma a garin nan ƙaramin abu kan zama babba, musamman ga baƙo mai biza. Na maimaita ta wata fuskar. Ina jin har misali na kawo.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "To, malam. Na ji karatu." Ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su da carbi kamar wanda aka sa wa ankwa, kuma haka ya shiga.

A bakin ƙofa wani mai gadi ya ji muna Hausa ya washe baki. Mutumin Zangon Kumasi ne. "Alhaji, sannu da zuwa! Yau na ga 'yan gida." Baffa ya ji daɗi, suka gaisa har da tambayar iyali, mai gadin ya buɗe mana labule da kansa.

Ban san yadda zan kwatanta ɗakin ba tare da na yi ƙari ba, kuma ba na son ƙari. Duhu ne mai sanyi, sama an watsa ƙananan fitilu kamar taurari, ga wani sauti can ƙasa-ƙasa da ba ka ji da kunne sai a ƙirji. Abu na farko da muka tarar shi ne jirgin. Jirgin da na rantse wa abokaina ya fi unguwarmu girma, ashe bai kai tsawon dardumar sallah ba. Na zaci raina zai ɓaci, sai na ga akasin haka. Na sunkuya ina leƙen tagoginsa, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, kuma a bayan wasu akwai 'yar kujera, a gaban kujerar akwai ɗan allo mai maɓallai. Wani bawan Allah ya zauna ya yi wa kujerar fenti, alhali ya san babu mai ganinta a fim. Bayanin da ke gefe ya ce an haɗa jikin jirgin da tarkacen rediyo da kayan wasan yara da murafen kwalabe. Da murfin kwalba aka kai ni taurari ina yaro, kuma na je, na dawo.

Muka wuce hulunan tulu, jere a kan sanduna, kowacce da ƙarzunanta. Muka ga rigar mutum-mutumin ƙarfen nan da ke ba mu tsoro, an buɗe bayanta, ashe mutum ne yake shiga ciki. Ga soson da aka liƙa don kada ƙarfe ya ci masa kafaɗa, har da shatin gumi. Baffa ya tsaya gaban wata bindiga ya ƙura mata ido, sai ya fashe da dariya. "Kai, wannan ai kan famfo ne! Wallahi irinsa ne a banɗakina."

Amma da muka isa wurin riguna dariyar ta ɗauke. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kai fuskarsa kusa da gilashi har numfashinsa na yin hazo a jiki. Ina ganin yatsunsa a baya suna murza carbi kamar shi ne yadin.

"Ka ce duk tatsuniya ce?" ya tambaye ni a hankali.

"E, Baffa. Kusan dai."

"Ikon Allah. Wanda ya yi wa tatsuniya wannan ɗinkin, in ka ba shi babbar rigar Sallah fa?"

Na ji wani sanyi a raina. Na ce a zuci, yau dai na yi abu ɗaya daidai.

Kwat ɗin kyaftin tana can ƙarshen ɗakin ita kaɗai, a kan wani ɗan dandamali, fitila ɗaya na haska ta daga sama. Ba a sa ta a gilashi ba, igiya ce kawai aka kewaye ta da ita. Abin da ya fara kama ni shi ne ƙanƙantarta. Kafaɗunta ba su kai nawa ba. Mutumin da na ɗauka ya kai ƙofar gari tsawo, ashe da zai tsaya kusa da ni sai na dube shi ta ƙasa. Ga gwiwar hannun ta koɗe, ga wuyan ya yi duhu, ga wani faci a ƙirji da aka yi da zare mai kauri. Na tsaya. Sautin nan yana bugun ƙirjina, idona ya ciko, na manta da Baffa, na manta da biza, na manta a wace ƙasa nake.

Sai na ga zare.

A bakin hannun dama yake, yana reto, tsawonsa kamar ɗan yatsa, iskar na'urar sanyi tana kaɗa shi.

A nan sai na yi wani bayani, ba don in wanke kaina ba. Mahaifina tela ne. Tun kafin in iya karatu, aikina a shagonsa shi ne bin kayan da aka gama in cire ragowar zare kafin mai su ya zo. Yakan ce ɗinki bai ƙare ba sai an yanke zare, kuma rigar da ta fita da zare a jiki zagin tela take yawo da shi. In babu almakashi a kusa akwai yadda ake yi: ka danne yadin da babban yatsan hagu, ka naɗe zaren a yatsan dama, ka fizge sau ɗaya. Na yi wa rigunan malamaina a jami'a. Na taɓa yi wa wani mutum da ban sani ba a sahun sallar Juma'a, ya juyo ya yi min godiya.

Ba zan ce na yanke shawara ba, don ban tuna na yi tunani ba. Abin da na sani, kyaftin yana tsaye gaban jama'ar duniya da zare a hannun riga, kuma babu wanda ya damu ya rufa masa asiri. Na miƙa jikina ta saman igiya. Hagu ta danne, dama ta naɗe.

Jiniya ta ɗauka.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Na zabura na yi baya, zaren kuma yana naɗe a yatsana. Da ya tsinke, da da sauƙi. Bai tsinke ba. Ɗinkin sarƙa ne, irin na bakin buhun shinkafa, wanda in ka kama ta inda ya dace sai ya bi ka. Ya kuwa bi ni. Ina ji yana warwarewa, tar-tar-tar, ina gani kalmasar hannun rigar tana saki tana faɗowa. Fitilun ɗakin suka kunnu gaba ɗaya, taurarin sama suka ɓace, sai ga ni tsaye a tsakiyar Turawa da Indiyawa da Larabawa, hannuna a sama, zare ya haɗa ni da kyaftin kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wata mata ta rufe bakinta. Wani ya ɗaga waya.

"Kar ka motsa! Massa, kar ka motsa!" Mai gadin nan ne ya taho da gudu. Da ya ga ni ne, sai kafaɗunsa suka zube. "Chale, ɗan'uwa, me ya kai ka? Tun da aka buɗe wurin nan duniya ke wucewa, ba wanda ya taɓa. Sai namu?"

Na juya na dubi Baffa. Yana nan inda yake, hannayensa a baya, a haɗe da carbi. Ya dai ɗan juya ya nuna min su.

Shugabar masu kula da kayan ta zo, wata Balarabiya mai farar safar hannu. Ba ta ko dube ni ba. Da ɗan hantsaki ta warware zaren daga yatsana, a hankali kamar mai cire wa jariri ƙaya, ta kwantar da shi a kan farar takarda. Sai da ta gama sannan ta ce mu biyo ta ofis.

A can ta yi min bayani da Turanci, cikin muryar da ta fi tsawa ciwo. Ta ce kwat ɗin sabuwa aka ɗinka ta, sannan masu kayan fim suka bi ta da dutse da sanfefar gugar katako da ruwan shayi har ta tsufa, don a ga alamar kyaftin ya daɗe yana tafiya. Wannan zaren da gangan aka zaro shi aka bari. Ta ce yana cikin fim ɗin, a wurin da kyaftin ya ɗora hannu a gilashin taga yana kallon duniyarsu tana nisa.

Abin haushin, na san wurin. Na san zaren. Na gan shi ya fi a ƙirga.

"Me ya sa ka ja shi?" ta tambaye ni.

Ƙwaƙwalwata ta kawo min amsoshi masu kyau: santsi ne ya kwashe ni, jiri ne, wani ne ya ture ni. Na dube su duka, na ji kunya ta ishe ni haka. Na ce mata babana tela ne, kuma a shagonmu ba a barin zare. Ta ƙura min ido, ina jin tana neman inda wasan yake.

Sannan ta ce ƙa'ida ta ba ta dama ta kira 'yan sanda, amma in akwai babban da zai tsaya min, za ta duba. Ta nuna Baffa ta ce, wannan mene ne shi a wurinka? In ce baffana, ƙarya ne. In ce surukina, na yi azarɓaɓi, musamman yau. Na ce mata abin yana da ɗan wuyar bayani. Ta ce to in tambaye shi.

Haka na juya, da bakina, na fassara wa Baffa tambayar da na kwana biyu ina tsoron amsarta. "Baffa, wai tana tambaya, ni mene ne a wurinka."

Ya sauke hannayensa. Ya ja carbi, ya sake ja. Na ce shi ke nan, ga shirun da ake faɗa. Na fara tunanin yadda zan gaya wa Hafsatu cewa zare ne ya raba mu.

"Ce mata surukina ne," in ji shi. "Mijin 'yata. In akwai wanda za a riƙe, ni za a riƙe."

Na juya na fara fassarawa. Ban kai ƙarshe ba ya daka min tsawa.

"Kai! Na ji ka sa mebi. Ni ban ce mebi ba. Turancin nawa bai kai naka ba, amma na san mebi, da ita ake cinye min kaya. Faɗa mata yadda na faɗa!"

Na faɗa mata yadda ya faɗa. Daga nan ya karɓi maganar da Larabcinsa na kasuwa, yana dafa ƙirji: "Miskin, ya ukti, wallahi miskin. Walad tela. Malish, khalas." Ban san abin da ta fahimta ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Aka kira mai gyaran kayan ya duba, ya ce tunda zaren bai tsinke ba za a iya mayar da shi ta ramukansa na asali, sai dai zai ci lokaci. Aka ɗauki hoton katin shaidata, aka roƙe ni cikin ladabi kada in sake zuwa har a kwashe kayan. Mai gadi ya raka mu waje yana girgiza kai. "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri da shi."

"Amin," in ji Baffa.

Muka hau metiro, muka wuce tashoshi da dama. Ni ina kallon takalmina. Can na ce, "Baffa, maganar da ka yi a ofis, na san don a sake ni ne, ba sai ka…"

"Na faɗa a gaban hukuma, sannan in janye? Ni yaro ne?" Ya gyara zama. "Bari in gaya maka. Har jiya ban san abin da zan ce wa Yaya ba. Na zauna da kai, na ci abinci da kai, ban ga kowa ba sai riga mai guga. Mutumin da bai taɓa kuskure a gabanka ba, ba ka san shi ba. Yau na ga ka yi wauta, an tambaye ka, ka ambaci ubanka da sana'arsa, ba ka ce santsi ba ne. Ya ishe ni."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mai digiri."

"Na'am, Baffa."

"Da ka taɓa, wane irin yadi ne?"

"Ina jin ulu ne, amma wataƙila akwai…"

"Kai!"

"Ulu ne, Baffa. Mai nauyi. Shafin ciki auduga."

Ya buga cinyarsa. "Na faɗa a raina! Wallahi tun daga nesa na faɗa."

Nan take ya ciro waya ya kira Kano, ya sa ta a sifika, a cikin jirgi cike da mutane. "Yaya, na ga yaron. A ba shi. Yana da gaskiya, ga kunya. Sai dai ranar ɗaurin aure a gaya wa jama'a kowa ya duba rigarsa tun daga gida."

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Baffa ne ya ba da ita, kuma kafin a shafa fatiha sai da rabin masallacin ya ji labarin.

Abin da na koya, in har na koya, guda biyu ne. Kafin ka yi wa babba wa'azi a kan hannunsa, ka fara sanin inda naka yake. Sannan ba kowane abin da ya yage ne yake jiran ka gyara shi ba, wani yagewar ce darajarsa. Hafsatu dai ba ta yarda na koya ba. Duk ranar da muka shiga irin wuraren nan, tun daga ƙofa take miƙo min jakarta a dama, gorar ruwa a hagu. Mutane na kallona suna cewa ga miji mai tausayin matarsa, ni kuma ba na gyara musu.